Ciko Ba Ya Ɗauke wa Mota Juye

Kwanakin baya na ji wani mutum yana bugun ƙirji a cikin jama'a, wai motarsa ta haura shekara ba a yi mata juyen baƙin mai ba, kuma ko gezau ba ta yi ba. In ya duba ya ga baƙin mai ya yi ƙasa, sai ya sayo lita ɗaya ya cika, shi ke nan. Ya ƙara da cewa maganar juye duk dabarar makanikai ce da masu sayar da mai, don su riƙa tatsar masu motoci.

Da shi kaɗai ne da ban damu ba, motarsa ce. Amma sai na ga mutane suna ta gyaɗa kai, har da waɗanda na san da jiɓin goshi suka haɗa kuɗin motar da suke hawa.

Ra'ayina a kan wannan ba shi da kwana-kwana. Duk cikin hidimar da ake yi wa mota, babu wadda ta kai juye a kan kari amfani idan aka auna da ɗan abin da take ci. Kuma babu wadda ta fi ta saurin shiga cikin abubuwan da ake cewa "sai wata mai zuwa".

Dalilin a fili yake. Taya in ta suɗe kana gani da idonka. Birki in ya cinye zai yi ta ƙara har ka ji kunya a titi. Batir in ya mutu, mota ba za ta tashi ba, dole ka nemi mafita a ranar. Baƙin mai kuwa a ɓoye yake lalacewa, mota na tafiya, rediyo na kiɗa, babu abin da zai ja hankalinka. Ranar da inji zai yi magana, ɓarnar ta riga ta gama faruwa.

Abin da man yake yi a ciki

Idan allurar da ke gaban direba ta nuna inji yana juyi 3,000 a minti ɗaya, to karanshaf, wato babbar sandar da fistin ke juyawa a ƙasan inji, yana zagayawa sau 50 ke nan a kowace daƙiƙa. Ƙarfe ne yake gudu a cikin ƙarfe. Abin da ya raba shi da metal, wato ƙarfen da yake kwance a kai, wani ɗan siririn shimfiɗin mai ne wanda bai kai kaurin silin gashi ba. Muddin wannan shimfiɗin yana nan, ƙarafan ba sa taɓa juna. Da zarar ya yanke, sai su fara cin juna.

Santsi kaɗai mutane suka sani, alhali aikin ya fi haka. Ruwan lagireto ba ya kaiwa ƙarƙashin fistin, man ne yake ɗauko zafin wurin ya sauko da shi. Shi yake cike ɗan gibin da ke tsakanin ringi da bangon silinda don kada ƙarfin inji ya zurare. Shi yake kwashe baƙin hayaƙi da ɓurɓushin ƙarfe ya kai wa filta. Shi yake hana tsatsa. A motocin zamani ma, da ƙarfin matsin man ake sarrafa lokacin buɗewa da rufewar bawul, ta wasu ƙananan hanyoyi da datti kaɗan ya isa ya toshe su. Motar da ke da tabo (turbo) kuwa, wato na'urar da ke ɗura wa inji ƙarin iska, sandar tabon tana iya wuce juyi 100,000 a minti, cikin zafin hayaƙi, kuma a kan wannan man take shawagi.

Man da ke cikin galan ba zallan mai ba ne. Kusan kashi ɗaya cikin biyar nasa sinadarai ne da aka haɗa masa: masu wanke inji, masu riƙe datti don kada ya dunƙule, masu kashe kaifin asid ɗin da ƙonewar fetur ke haifarwa, da wani mai ɗauke da zinc da ke lulluɓe ƙarfe a wuraren da matsi ya fi yawa. Waɗannan sinadarai ƙarewa suke yi da aiki. Kowace tafiya tana cin wani abu daga cikinsu, kuma ba sa dawowa.

Shi kansa man, zafi da iska suna dafa shi a hankali. Masana harkar mai suna da wani ƙiyasi da suka daɗe suna aiki da shi: duk ƙarin zafi na digiri 10, saurin lalacewar mai yana ninkawa. Ka tuna a cikin inji man yana aiki ne a wajen digiri 90 zuwa 110.

"Ai ina ciko"

Wannan ita ce hujjar da ta fi yaudarar mutane, domin akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Ciko abu ne mai kyau, kuma wajibi ne idan mai ya yi ƙasa. Inji da tsohon mai ya fi inji babu mai sau dubu.

Amma ka ɗauki mai wanki da ya wanke kaya kala goma a baho ɗaya. Ruwan ya yi baƙi, ya ragu, sai ya ƙara kofi ɗaya na mai kyau ya ci gaba. Bahon ya cika, amma dattin kaya goman nan yana ciki, bai je ko'ina ba. Haka ciko yake. Man da ya ragu ƙonewa ya yi ko ya yoye, amma baƙin hayaƙi da asid da garin ƙarfe suna nan a ƙasan inji suna taruwa. Hanyar fitarsu ɗaya ce: a kwance noti a ƙasa a tsiyaye.

Wanda bai taɓa ganin injin da aka daɗe ana yi wa ciko ba, ya je gareji ya roƙi a nuna masa. Ana ɗaga murfin saman inji, maimakon ƙarfe mai sheƙi da mai ruwan zuma yana gangarowa, sai ka ga wani baƙin abu mai danƙo ya lulluɓe komai, sai an sa sukundireba ana kankarewa. A ƙasan inji akwai 'yar rariyar da famfon mai yake zuƙa ta cikinta. Idan wannan danƙon ya liƙe ta, ko da inji cike yake da mai, man ba zai hau sama ba. Mai mota zai zaro ma'auni, wato sandar auna mai, ya ga mai har baki, ya rufe bonet hankali kwance, alhali saman injinsa a bushe yake aiki.

"To ai motata lafiya lau take"

Lafiya lau take, yau. Inji ba ya bugawa don an tsallake juye ɗaya, kuma duk wanda ya ce maka haka tsorata ka yake yi. Ɓarnar tarawa take. Ringi ya ɗan maƙale, sai mota ta fara shan mai. Sarƙar taimin, mai daidaita lokacin buɗewar bawul, ta ɗan miƙe, sai ka fara jin wata 'yar ƙara da safe idan an tayar. Salansa ta fara fitar da shuɗin hayaƙi. Kowanne daga cikin waɗannan, mai mota zai ce tsufa ne. Wani lokacin tsufan ne. Sau da yawa kuwa tsufan da aka jawo mata ne tun lokaci bai yi ba.

Shi ya sa za ka ga motoci biyu, ƙira ɗaya, shekara ɗaya, ɗaya ta wuce kilomita 400,000 ba a taɓa buɗe injinta ba, ɗaya kuwa ba ta kai rabin haka ba an sauke inji. Sai a ce wancan ya yi sa'ar mota.

Akwai kuma masu jiran jar fitilar nan mai siffar buta ta kama kafin su tuna da mai. Wannan fitilar ba tunatarwar juye ba ce. Cewa take matsin mai ya faɗi, wato mai ba ya kaiwa inda ya kamata. In ta kama kana tafiya, abin yi shi ne ka gangara gefe ka kashe inji nan take. Wanda ya ce bari ya lallaɓa ya ƙarasa gida, sau da yawa jan motar ake yi a ƙarasa da ita.

"Na murza a yatsa, da sauransa"

Wannan gwajin ya zama ruwan dare: a zaro ma'auni, a shafa a yatsa, a murza, a dubi launi, a yanke hukunci. Wasu makanikai ma haka suke yi, har da ɗaga yatsan sama a duba a hasken rana.

Launi ba ya faɗin abin da ake zato. Mai mai kyau yakan yi baƙi da wuri saboda yana aikinsa, yana kwashe datti yana riƙewa. A injin dizal, sabon mai yana iya yin baƙi cikin 'yan kwanaki kuma lafiyarsa ƙalau. A ɗaya ɓangaren, mai yana iya zama garai-garai a ido alhali fetur ya tsinka shi, ko sinadaransa sun ƙare. Yatsa ba ya jin asid.

Abin da ido zai iya gani da gaske shi ne idan man ya koma fari-fari mai kumfa, wanda kan nuna ruwa yana shiga, galibi ta gaskit, wato shimfiɗin da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa. Ko ka ga ƙyalƙyalin garin ƙarfe a ciki. Waɗannan kuma sun wuce maganar juye, gyara suke nema.

"Ni ba na tafiya mai nisa"

A nan ne mutane masu kula ma suke faɗawa. Mutum zai ce daga gida sai wurin aiki, ko kilomita biyar ba a yi ba, motarsa hutawa take yi. A lissafinsa sai ya shekara biyu bai cika kilomitocin juye ba.

A wurin mai, wannan ita ce wahala mafi tsanani. Duk litar fetur da ta ƙone tana samar da ruwa kusan lita guda. Yawancinsa yana fita ta salansa a matsayin tururi, amma kaɗan yana zurarewa ta gefen ringi ya sauka cikin mai, musamman lokacin da inji yake da sanyi. Ɗanyen fetur ma haka. Idan an yi doguwar tafiya inji ya ɗau zafi sosai, ruwan da fetur ɗin sukan ƙafe su fita. Idan kuwa kullum kafin mai ya yi zafi an kashe mota, suna nan suna taruwa, ruwa yana haɗuwa da dattin ƙonewa yana zama asid, fetur yana tsinka man.

Saboda haka ne littafin kowace mota yake ba da ƙa'ida biyu a haɗe: kilomita kaza ko wata kaza, duk wanda ya riga zuwa. Mutane sun riƙe ta farko sun watsar da ta biyu. Motar da ke ajiye ana ɗan zagayawa da ita ma tana bukatar juye aƙalla sau ɗaya a shekara.

Sai cunkoso. Awa guda da ka yi a tsaye a layin motoci, inji yana aiki, na'urar sanyi a kunne, mitar kilomita ba ta ƙirga komai ba. Man kuwa ya yi aikin awa guda cur, cikin zafi, ba iskar da ke bugun inji.

Inda mai ƙorafin yake da gaskiya

Ba zan ce duk maganar tatsa ƙarya ba ce. An daɗe a duniya ana bin ƙa'idar juye duk mil 3,000, wato wajen kilomita 4,800. Ta dace da injinan da da man da. Amma mai ya canza. Tun 1974 da Mobil 1 ya shigo kasuwa, man da ake kira sintetik ya yi ta yaɗuwa, yana jure zafi fiye da na gargajiya, injina kuma sun ƙara tsabta wajen ƙona fetur. Masu shagunan juye a Amurka sun ci gaba da liƙa wa mutane takardar mil 3,000 a gilashi, har sai da hukumomin jihar Kalifoniya suka fito da kamfe suna cewa mutane su duba littafin motarsu, su daina zubar da man da bai gama aiki ba.

A yau Toyota, alal misali, tana ba yawancin motocinta masu amfani da sintetik mai lambar kauri 0W-20 a Amurka mil 10,000, kimanin kilomita 16,000, ko wata 12. Saboda haka wanda ke juye duk wata ba tare da dalili ba, kuɗinsa yake zubarwa.

Sai dai a karanta littafin har ƙasa. A nan Toyotan ta ce idan ana tuƙi a hanya mai ƙura, ko ana jan kaya masu nauyi, ko yawan gajerun tafiye-tafiye cikin tsananin sanyi, ko yawan barin inji yana aiki a tsaye, to a rage zuwa mil 5,000, wajen kilomita 8,000, ko wata 6. Sauran kamfanoni ma suna da irin wannan jadawali na biyu. Kowa yana so ya ɗauki kansa a jadawalin farko, domin ya fi sauƙi a aljihu. Amma mutum ya dubi hanyar da yake bi kullum ya faɗa wa kansa gaskiya. Motar haya, motar ɗaukar kaya, motar da ke kwana a cunkoso, motar da ke shan ƙura, duk 'yan jadawali na biyu ne.

To ka ga amsar mai cewa ana tatsar sa ita ce ya buɗe littafin motarsa. In babu shi a motar, ana samu a intanet. Kamfanin da ya ƙera injin ya fi ni, ya fi makanike, ya fi mai bugun ƙirji sanin abin da injin ke bukata. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kuma kuɗin sauke inji sau ɗaya ya isa juyen shekaru masu yawa.

Juyen da bai yi amfani ba

Akwai wanda ke juye a kan kari amma yana cutar injinsa ta wata hanyar.

Na farko, kaurin mai. Akwai imanin da ya yi ƙarfi cewa mai kauri shi ne mai ƙarfi, sai a ɗauki 20W-50 a ɗura wa injin da aka ƙera don 0W-20 ko 5W-30. Lambar farko mai W tana nuna yadda man ke gudu cikin sanyi, ta biyu kuma kaurinsa a digiri 100. Injinan zamani hanyoyin mansu matsattsu ne. Mai kauri yana daɗewa kafin ya kai sama idan an tayar da safe, kuma a waɗannan daƙiƙun farko ne inji ya fi cinyewa. Tsohuwar mota da littafinta ya yarda da 20W-50 a ba ta abinta. Wadda aka rubuta mata wani abu a murfin mai, a bi abin da aka rubuta.

A jikin galan kuma akwai harufan API, wato cibiyar harkar man fetur ta Amurka, tare da wasu harufa biyu da ke nuna matakin ingancin man. SN ya fito a 2010, SP a 2020. SP an tsara shi ne musamman don kare ƙananan injina masu tabo daga wata irin fashewar fetur kafin lokaci da ke iya fasa fistin, da kuma rage cinyewar sarƙar taimin. Sabon mataki yana yi wa tsohuwar motar fetur aiki, tsohon mataki kuwa ba lallai ya ishi sabuwa ba.

Na biyu, filta. Wasu sukan ce a bar ta sai juye na gaba. Filta in ta toshe, akwai wani bawul da ke buɗewa ya bar mai ya wuce ba tacewa, don kada inji ya bushe. Ma'ana daga nan dattin zagayawa kawai yake yi, kai kuma ba ka sani ba. Ga shi tsohuwar filta tana riƙe da tsohon mai da zai gauraye da sabon nan take. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da na man.

Na uku, jabun mai. Galan mai kyau, tambari mai kyau, abin da ke ciki kuwa Allah kaɗai ya sani. A saya a wurin da aka amince da shi, a duba hatimin murfi, kuma a buɗe galan a gabanka. Tsayawa a kan mota lokacin juye ba rashin yarda da makanike ba ne. Makanike na kirki ma ya fi son ka gani da idonka.

Kada kuma a cika ya wuce alamar sama ta ma'auni. Mai in ya yi yawa karanshaf yana kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta riƙe ƙarfe.

Rubutawa

Mafi yawan masu tsallake juye ba rowa ce ke sa su ba, mantuwa ce. Ka tambayi mutum yaushe ya yi juye, sai ya ɗaga kai sama ya ce bai daɗe ba. In aka bi diddigi, wata tara ne.

Ɗan littafi a cikin mota ya wadatar, ko a waya: kwanan wata, kilomitar da mita ta nuna, irin man da aka zuba, an canza filta ko ba a canza ba. Rasit ma a ajiye. A 2007 Toyota ta sasanta wata babbar ƙara a Amurka kan daskarewar mai a injinan wasu motocinta na 1997 zuwa 2002. Kamfanin ya ce rashin juye a kan kari ne, masu motocin suka ce ƙirar injin ce. A irin wannan jayayya, da kamfani ko da mai sayen motarka nan gaba, takardar da ke nuna ka yi juye ita ce bakinka.

Tsakanin juye da juye, a riƙa duba ma'auni duk mako biyu ko kafin doguwar tafiya. Mota a wuri mai daidai, inji a kashe na 'yan mintuna don mai ya sauka, a zaro a goge, a mayar har ƙarshe, a sake zarowa sannan a karanta. Wanda ke yin haka zai gane da wuri idan motarsa ta fara shan mai ko tana yoyo.

Tsohon man da aka tsiyaye kuma kada a zuba shi a kwata ko a ƙasa. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce man juye ɗaya ya isa ya gurɓata galan miliyan ɗaya na ruwan sha. A zuba shi a galan ɗin da sabon ya fito, a rufe da kyau, a miƙa wa masu karɓarsa don a sake tacewa.